Mita Ba Ta Kai Ba

Idan ka tambayi mutanen layin wane ne Injiniya, ba amsa ɗaya za ka ji ba. Mai shagon kwana zai ce maka mutum ne mai tsari, ko ƙwan fitila ya saya sai ya nemi takardarsa. Mai wankin mota zai rantse bai taɓa ganin mai ƙaunar mota irinsa ba, har da buroshin haƙori yake sa a bi ramukan wili. Bakaniken da ke bayan gidan mai kuwa, da an ambace shi sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "Allah ya ƙara masa ilimi," ya koma ƙarƙashin mota abinsa.

Babu wanda ya san makarantar da ta ba shi injiniyancin. Abin da aka sani shi ne, wata shekara fankar falo ta tsaya, ya kai mata mari ta tashi, daga ranar sunan ya manne masa. A ofis kuwa aikinsa buga hatimi a kan takardu.

Motar ta marigayi mahaifinsa ce, tsohuwa mai ruwan toka. Ba a raba ta a gado ba, saboda haka mutum uku ke da baki a kanta: Injiniya, da ƙanensa Auta, da ƙanwarsu da ke aure a wani gari, wadda yara ke kira Goggo. Mai tuƙa ta dai mutum ɗaya ce, matar Injiniya, Uwar Biyu. Shi bas ɗin ofis ke ɗaukarsa, sai ranar hutu ya zaga layi da motar sau biyu, gwiwar hannu a taga, ya dawo ya ajiye. Ita ke kai tagwayenta makaranta, ita ke zuwa kasuwa. Ranar Litinin da Alhamis kuma ita ke kai surukarta Inna wankin ƙoda a wani asibiti can bayan gari, tafiyar kusan awa guda, a haye gada a hau tudu. Injinan wankin kaɗan ne, masu jira da yawa. Wanda lokacinsa ya wuce bai iso ba, wani ake kwantarwa a gadonsa.

Wata Talata ta kai motar canjin mai. Bakanike ya ɗan saurari injin, ya kwance wani murfin roba a gefe, ya yafito ta.

"Hajiya, zo ki gani da idonki, kada a ce ni na ce."

Ta leƙa. Wani baƙin bel ne mai haƙora, bayansa duk ya tsattsage kamar diddigen da faso ya ci.

"Wannan shi ne taimin bel. Shi ke sa saman inji da ƙasansa su yi tafiya tare. Kuma ba ya sallama. Ranar da zai tsinke, tsinkewa kawai zai yi, fistan ya daki bawul, inji ya gama aiki. Inda kike a nan za ki tsaya."

"To yaushe ya kamata a canza shi?"

"Bara waccan," in ji shi.

Da yamma ta jira Injiniya ya ci abinci, ya sha ruwa, ya yi gyatsa, sannan ta faɗa masa. Bai yi fushi ba. Murmushi ya yi irin na malamin da aka kawo wa tambayar 'yan aji ɗaya. Ya shiga ɗaki ya fito da littafin motar, wanda ke naɗe cikin leda biyu a saman kwabet, ya lashi yatsa ya buɗe.

"Kamfanin da ya ƙera motar nan ya ce a canza bel a kilomita dubu ɗari. Mita nawa take nunawa?"

"Dubu casa'in da huɗu da ɗari biyu da sha bakwai."

"To?"

"Abban Biyu, haka take nunawa tun yaran nan suna rarrafe. Yanzu ajinsu biyu."

"Ke kika ƙera mitar?"

"A'a, amma ta tsaya."

"Ba tsayawa ta yi ba, a hankali take tafiya. Motocin da ba irin na yanzu ba ne masu rawar kai."

Uwar Biyu ta miƙa wuya ta dubi shafin. A ƙarshen layin, inda babban yatsansa ya zauna daram, ta hango wasu kalmomi suna leƙowa. Ta ɗan ture yatsan.

"Ga shi sun ce ko shekara biyar, duk wanda ya riga zuwa."

"Wannan na ƙasashen da ake ƙanƙara ne." Ya rufe littafi, ya mayar da shi cikin leda ta farko, sannan ta biyu.

Da yake mutum ne mai adalci, ya kira taron dangi. Aka zauna a falo, aka ɗora waya a tsakiyar tebur don Goggo ta ji. Inna na gefe, ƙafafunta a kan matashi, ba ta ce uffan ba.

"Ni dai," in ji Goggo daga cikin waya, "Baba ya tuƙa motar nan shekara da shekaru, ban taɓa jin kalmar bel a bakinsa ba. Sai da ta faɗa hannun wasu."

"Auta, kai fa?"

Auta bai ɗago daga wayarsa ba. "Duk abin da Yaya ya ce."

"Bakanike fa neman aiki yake," Injiniya ya ƙara. "Idan ya ga mace, ko madubi sai ya ce ya kusa fashewa."

Aka yanke hukunci baki ɗaya: za a canza bel da zarar mita ta kai. Kowa ya tashi da farin ciki, an warware matsala cikin lumana. Uwar Biyu ta kwashe kofuna. A madafa ta tsaya ta yi ta wanke kofi ɗaya, tana tunanin yadda aka ɗaure ranar gyara a ƙafar lambar da ta yi shekara shida ba ta motsa ba.

Bayan mako uku motar ta fara wani ƙara da safe, cak-cak-cak, daga gefen da bakanike ya nuna mata. Sai an murza makulli sau uku take tashi. Ta faɗa wa Injiniya. Wannan karon ya ɗauki mataki nan take: ya sa aka saka sabuwar rediyo mai lasifika huɗu.

"Ki riƙa ƙure ta," in ji shi. "Kunnenki ne ba shi da aikin yi."

Wata na gaba ya sa aka ɗinka wa kujeru sababbin riguna masu geza. Daga nan ya canza ham, ya saka mai waƙa. Mai wankin mota ya yi ta yaba shi a layi, yana cewa da haka kowa ke riƙe kayan gado da duniya ta zauna lafiya.

Da ƙarar ta fi ƙarfin rediyo, sai aka gano asalin cutar. Ƙafar Uwar Biyu ce mai nauyi. Injiniya ya sa ta jero takalmanta a bakin ƙofa, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana auna su a tafin hannu, ya ware guda biyu ya haramta musu shiga mota. Auta ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi ne ya fara kiranta Uwar Bel.

"Uwar Bel, ina kwana? Ya jaririn? Bai tsinke ba dai?"

Sunan ya kama. Goggo ta ɗauka a waya. Ran nan ɗaya daga cikin tagwayen ya tambaye ta a hanyar makaranta, tsakaninsa da Allah, ko Bel ɗin ƙanensu ne da ya rasu.

Ta ga dai magana ba ta kai ta ko'ina, sai ta yi shawarar a yi aikin a ɓoye. Wata Laraba ta sauke yara ta wuce gareji. Bakanike ya ce aikin wuni ne, in an fara da wuri kafin a tashi daga makaranta an gama. Ko ƙusa ta biyu bai kwance ba Auta ya wuce ta wurin zai je aski, ya ga motar baki buɗe. Kafin rabin awa sai ga Injiniya a motar haya, katin ofis na lilo a wuyansa. Mutumin da ba ya samun izinin fita idan za a kai mahaifiyarsa asibiti, ranar ya samu.

Ya yi wa bakanike lacca a kan yadda inji ke aiki, a gaban masu jiran gyara. Bakanike ya saurara har ƙarshe, ya mayar da ƙusar da ya kwance, ya ɗaure ta tamau.

"Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe. Ga motarka yadda ka bar ta."

Daga ranar aka kafa doka. Ba ta ƙara bin layin garejin ba. Makulli kuma kullum da yamma a hannun maigida yake kwana, da safe ya miƙo mata tare da nasiha.

Sai ta koma shirya wa ranar da ta san tana tafe. Ta sa kujera mai naɗewa a but ɗin bayan mota, da lema, da jarkar ruwa, da ƙaramin tawul. Ranar asibiti ta riƙa fita awa guda kafin lokacin da ta saba, tana tafiya a gefen titi kamar mai rakiyar gawa, manyan motoci na danna mata ham, direbobi na leƙowa suna tambayarta ko a ƙafa take. Rediyo a kashe, kunnenta na can cikin inji. Idan suka iso gada ko suka fara hawan tudu, ta ƙara kasa kunne sai sun wuce. Zannuwanta suka fara yi mata yawa. Maƙwabta suka ce ai Uwar Biyu ta samu sirrin rage ƙiba.

"'Yar nan," Inna ta ce wata safiya daga kujerar baya, "me ya sa muke sammako haka? Ko likita ya canza lokaci?"

"A'a, Inna. Hanya ce."

"Kujerar da na gani a baya fa?"

"Ta hutawa ce."

Inna ta daɗe tana kallon gaban motar ta tsakanin kujeru, sannan ta mayar da kai taga.

Ranar Alhamis ce, rana ta take. Sun haye gada, sun kai tsakiyar tudu, sai wani ɗan ƙara, tas, kamar an karya tsinke. Shi ke nan. Injin ya yi tsit. Motar ta fara komawa baya, Uwar Biyu ta danne birki da ƙafar nan mai nauyi, ta ja na hannu. Abin mamaki, ba tsoro ta ji ba. Wani irin sauƙi ta ji, na wanda ya daɗe yana jiran mari ya sauka.

Ta fito da kujera, ta zaunar da Inna a gefen titi, ta buɗa mata lema, ta kira Injiniya.

"Ina cikin taro. Me ya faru?"

"Ya tsinke."

"Me kika taɓa?"

"Muna kan tudu. Saura minti arba'in lokacin Inna."

"Na ce me kika taɓa?"

Ta katse. Ta kira Auta, ya ce ga shi nan zuwa, bari ya watsa ruwa. Motocin haya duk cike suke wucewa. Ta tsaya a tsakiyar rana tana ɗaga hannu, tana komawa ta jiƙa tawul ta goge wa tsohuwa fuska, tana sake dawowa titi. Sai bayan awa ɗaya da rabi wani mai a-kori-kura ɗauke da buhunan siminti ya tsaya, aka ɗora Inna a gaba, ita ta hau kan buhu.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta duba takarda ta girgiza kai. An ba wani gadon. Sai Litinin, sai fa idan wani ya fasa. Babu wanda ya fasa. Mutane ba sa fasa wankin ƙoda.

Juma'a ƙafafun Inna suka kumbura har ba sa shiga silifas. Asabar da safe numfashi ya gagara, tana ja kamar mai shan ruwa da tsinke. A motar maƙwabci aka kai ta, aka wuce da ita ɗakin gaggawa.

A barandar asibitin kotu ta zauna. Goggo ta iso da ƙatuwar jaka da jajayen idanu, ko gaisuwa ba ta amsa ba.

"Bakinki ne," ta ce. "Wata nawa kina kiran abu, bel, bel, bel, har ya amsa. Hankalinki ya kwanta?"

"Ni ma na lura," in ji Auta, wanda har yau ba a san ko ya gama watsa ruwan ba. "Har kujera fa ta ajiye a but. Wa ya gaya mata ranar?"

Injiniya ya fito da wata 'yar takarda daga aljihu. Ya yi bincike.

"Bel ɗin nan da sauran kilomita dubu biyar da ɗari bakwai da tamanin da uku a jikinsa. A rubuce yake. Abin da ya kashe shi ƙafa ce. Kin kashe motar Baba, kin kusa haɗawa da matarsa. Idan Inna ta farfaɗo, a gaban kowa za ki ba ta haƙuri."

Uwar Biyu ta ɗauki bokiti ta tafi neman ruwan zafi.

Kwana biyar ta yi a gefen gadon. Ita ke juya tsohuwa, ita ke goge mata jiki, ita ke auna ruwan da aka yarda ta sha da murfin kwalba. Goggo kan zo da hantsi ta yi kuka mai kyau, ta ɗauki hoto ta tura wa dangi, ta tafi masauki ta huta. Auta ya zo sau biyu, duka biyun neman wurin cajin waya ya fara yi. Injiniya kuwa kullum bayan ofis yana nan, yana yi wa ma'aikatan jinya bayanin yadda injin wankin ƙoda ke aiki.

A irin wannan gida ba mai laifi ake nema ba, wanda ya fi sauƙin ɗora wa kaya ake nema. Wadda ta ji ƙara ita ta kawo ƙarar, wadda ta yi gargaɗi ita ta yi baki, wadda ta yi tanadi ita ta shirya abin. Uwar Biyu ta gane haka sarai. Cikin kwana biyar ɗin ta gama shawara da zuciyarta: za ta ba da haƙurin. Kalma nawa ce? Ta faɗa, kowa ya samu abin da yake so, a bar tsohuwa ta warke cikin natsuwa.

Rana ta shida Inna ta iya zama, an jingina ta da matasai. Ɗakin gado shida ne, kowane gado da masu jinya. Injiniya ya tattaro 'yan uwansa suka kewaye ta, ya gyara murya.

"Inna, ga ta nan. Tana da maganar da za ta faɗa miki."

Uwar Biyu ta durƙusa a gefen gado. Ta buɗe baki ke nan Inna ta ɗora mata hannu a ka.

"Tara," in ji tsohuwar. Muryar ba ƙarfi, amma tana fita. "Huɗu. Biyu. Ɗaya. Bakwai."

Goggo ta dafe ƙirji. "Wayyo, ta fara sambatu!"

"Ke ce mai sambatu. Ban yi makaranta ba, amma na san lamba. Shekara uku ina zaune a bayan yarinyar nan, Litinin da Alhamis, ina kallon abin nan ta tsakanin kujeru. Mu je da shi, mu dawo da shi. Ko ƙwayar ƙarshen ba ta taɓa juyawa ba." Ta tsaya ta huta. "Ranar da kuka yi taro ina zaune. Na san gaskiya ta faɗa. Na yi shiru don kada in kunyata ka a gaban matarka. Sai na bari kuka yi ta cin naman 'yar mutane a gabana. Wannan nawa laifin ne, kuma na sha ranarsa a kan tudu."

"Inna, ai littafi..."

"Littafi ne ya riƙe mini lema?"

Matar gadon kusa ta daina tauna abin da take ci.

"Tashi, 'yar nan. Kai kuma, ga ta nan. Kana da maganar da za ka faɗa mata."

Injiniya ya dubi Auta, Auta ya dubi waya. Ya dubi Goggo, ta shiga laluben jaka.

"To, ai abin da ya wuce ya wuce," ya ce. "Ƙaddara ce. Su ma kamfanin ya kamata su..."

"Ba wannan ba."

"Zan sa a gyara motar, har mitar ma."

"Ba wannan ba."

Ya sosa ƙeya. Ya yi wani gunaguni a cikin wuyan rigarsa.

"Ban ji ba," in ji Inna. "A baranda da ka yanke mata hukunci, ina cikin ɗaki da abu a hanci na ji ka. Da waccan muryar nake so."

Uwar Biyu na tsaye, tawul a hannu. Ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta kuma taimake shi da ko ƙiftawar ido ba. Injiniya ya kalli gadaje shida da mutanen da ke kansu, ya kalli ƙafafun mahaifiyarsa da har yanzu ba su gama saɓewa ba, sannan ya kalli matarsa, ya ga yadda wuyanta ya rame.

"Uwar Biyu," ya ce, har na bakin ƙofa suka ji. "Na san mitar ta tsaya. Tun tuni na sani. Kin faɗa mini gaskiya na mayar da ke abin dariya, na kuma ɗora miki laifina. Ni na yi, ba ke ba. Ki yi haƙuri, ki yafe mini."